Montecristo, Padrón ko Don Carlos: wane akwati ya cancanci dalarka?

Wani ƙanena mai harkar kayan gini ne ya kira ni daga filin jirgin Dubai, saura sa'a biyu su tashi. Ya ce, "Yaya, ga ni a shagon taba, an jera mini akwatuna har kaina ya ɗaure. Mutumin da nake karɓar kaya a hannunsa a Legas mashayin irin wannan ne, ina so in kai masa tsarabar da ba zan ji kunya ba. Wanne zan ɗauka?" Na ce ya karanto mini sunayen. A cikin waɗanda ya lissafo, uku na san su ciki da bai, domin na haura shekara goma ina hulɗa da su: Montecristo No. 2 ta Kyuba, Padrón 1964 Anniversary ta Nikaragwa, da Arturo Fuente Don Carlos No. 2 ta Jamhuriyar Dominikan. A waya gajerar amsa ya samu. Doguwar ce nake so in shimfiɗa a nan, saboda kuɗin da ake zubawa a akwati guda ya wuce a saye shi da ka.

Ba sigarin kwali nake nufi ba. Tabar naɗi nake nufi, wadda Turawa ke kira siga, masu jin Sifaniyanci kuma su ce furo: ganyen taba zalla, babu takarda, babu audugar tacewa, mutum ne ya zauna ya naɗe ta da hannu. Ba a haɗiye hayaƙinta, a baki ake juya shi a fesar. Kada wannan ya ruɗi kowa. Kara guda yana ɗauke da nikotin da ya ninka na karan sigari sau da yawa, kuma ta fatar baki yake shiga jini. Likitoci sun tabbatar da alaƙarta da cutar daji ta baki da maƙogwaro da maƙoshi, tsadarta ba ta rage wannan da komai ba. Malamanmu da dama sun haramta taba, wasu sun karhanta ta, dokar Najeriya ta 2015 kuma ta hana sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana busa ta a wuraren taruwar jama'a. Wanda bai taɓa sha ba, ina roƙonsa kada rubutun nan ya zama masa ƙofa. Da wanda ya riga ya yanke shawarar saye nake magana, ko don kansa ko don kyauta.

Duk karan da ka ɗauka, sassa uku ne. Akwai cikon ciki, wato dogayen ganyaye da ake ninkewa a tsaye don iska ta sami hanya. Akwai ɗamara, ganye mai ƙwari da ke riƙe cikon. Sai riga, ganyen waje, wanda ya fi kowanne tsada saboda ba a yarda da tabo ko ɓula a jikinsa. A saman kara ana liƙa hula da ɗan ƙaro marar ɗanɗano, ita ake yankewa kafin a kunna. Cikon ma ba iri ɗaya ba ne. Ganyen ƙololuwar shuka, wanda ya fi shan rana, shi ne lihero: kauri gare shi da maiƙo da ƙarfi, ga jinkirin ci, shi ya sa ake cusa shi can tsakiya. Na tsakiyar shuka, seko, shi ke kawo ƙamshi. Na ƙasa, bolado, ba shi da wani ɗanɗano na a zo a gani, amma shi ke sa wuta ta ci daidai. Idan mai naɗi ya karkatar da lihero gefe guda, za ka ga wuta ta zarce ta ɓangare ɗaya ta bar ɗayan. Idan ya cika hannu, ka yi ta zuƙa har kumatunka su gaji, hayaƙi bai fito ba. Kafin ganyen ya iso teburinsa kuwa, ya yi kusan kwana 50 a rataye a rumfar shanya, an tara shi tsibi-tsibi ya tsimu da zafin kansa, an kwance an sake tarawa, sannan an ɗaure shi an ajiye na watanni ko shekaru. Wannan tsimin ne ke fitar da warin amoniya da ɗacin ɗanyen ganye, kuma rabin bambancin da ke tsakanin tabobin nan uku a wurin yake.

Dalilin da ya sa na haɗa su shi ne sifarsu ɗaya. Dukkansu masu tsinin kai ne, kamar dalar gyaɗa da aka ja ta yi tsawo, kuma tsawonsu wajen inci 6 ne. Montecristo milimita 156 ce, kaurinta 52, kuma ana auna kauri ne da kashi ɗaya cikin 64 na inci. Padrón mai tsinin kai ita ma 52 ce, Don Carlos ta ɗan fi su ƙiba. Wannan sifa tana da wuyar naɗi, ƙwararrun masana'anta kaɗai ake ba wa ita, don haka a nan ake ganin hannun kowane gida. Kowace za ta ci maka sa'a guda da kwata zuwa sa'a da rabi idan ba ka gaggauta ba.

Montecristo ita ce mai suna. Alonso Menéndez ne ya fito da ita a Habana a 1935, shi da abokin kasuwancinsa Pepe García suka mayar da aikinta masana'antar H. Upmann. Sunan daga littafin The Count of Monte Cristo na marubucin Faransa Alexandre Dumas aka ɗauko shi, domin al'adar masana'antun Kyuba ce a ɗauki mutum ya riƙa karanta wa masu naɗi littafi da jarida da ƙarfi suna aiki, kuma labarin ya shiga ransu. Takubba shida da ke jikin tambarin akwatin daga can suka samo asali. Ganyenta daga Vuelta Abajo yake fitowa, a lardin Pinar del Río da ke yammacin tsibirin, musamman gonakin San Juan y Martínez da San Luis. Tun daga riga har ciko, babu ganyen wata ƙasa a cikinta.

Idan ka dace da kara mai kyau wanda ya kwana biyu, ba na jin akwai abin da ke kama da shi. Farkonsa ƙamshin busasshen itace ne da gyaɗar da aka soya da yashi. Da ya kai tsakiya sai koko ya shigo da gahawa mai madara, da wani ƙamshi irin na jemammiyar fata. A ƙarƙashin duk wannan akwai ɗan tsami-tsami da gishiri-gishiri da ke kama gefen harshe, kamar ka tsotsi tsamiya ka kora da ruwan rijiya. Wannan tsamin shi ne hatimin ƙasar Kyuba. An kwashi irin Kyuba an shuka a Nikaragwa da Honduras da Dominikan fiye da shekara hamsin, ganye ya yi kyau, amma tsamin bai bi su ba. Ƙarfinta matsakaici ne da ke hawa a hankali, sai a kashi na ƙarshe take nuna maka ita ba ta yara ba ce. Mujallar Cigar Aficionado ta Amurka ta zaɓe ta gwarzuwar shekarar 2013, kuma duk wanda ya sha mai kyau zai gane dalili.

Kalmar "idan ka dace" ita ce matsalar. Sananne ne a tsakanin mashaya cewa naɗin Kyuba ba ya zuwa daidai kullum. Abin ya fi muni a ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000, lokacin da aka ninka yawan abin da ake fitarwa aka ɗebo sababbin hannu. Daga baya an shigo da na'urar gwada zuƙa a masana'antu, lamarin ya gyaru sosai, amma har yau mai sayen akwati mai kara 25 yana saye ne da sanin cewa zai iya cin karo da wanda ya toshe ko wanda wutarsa ke karkata. Montecristo No. 2 ana naɗa ta da yawa, kuma ba a masana'anta ɗaya ba, shi ya sa akwati biyu masu suna ɗaya kan bambanta. Matsala ta biyu, takan iso kasuwa da ƙuruciyarta. Juya akwatin ka duba ƙasansa, za ka ga hatimin wata da shekara, watan a taƙaice da Sifaniyanci: ENE Janairu ne, ABR Afrilu, AGO Agusta, DIC Disamba. Akwatin da bai cika shekara ba yakan yi kaifi a maƙogwaro. Sai ya shekara biyu zuwa uku a ajiye kafin ya saki jiki, a shekara biyar kuwa kamar wata taba ce daban. Wato kana biyan kuɗi yau ne don abin da za ka ji daɗinsa baɗi ko baɗin baɗaɗa, kuma nauyin renonsa a wuyanka yake.

Akwai wani tarko da ya kamata a sani. Montecristo biyu ce a duniya. Bayan gwamnatin Castro ta ƙwace masana'antu a 1960, iyalan Menéndez da García sun bar ƙasar, sannan a Fabrairun 1962 Shugaba Kennedy ya rufe kasuwar Amurka ga kayan Kyuba. Saboda haka Montecristo da ake sayarwa a shagunan Amurka yawanci a garin La Romana na Dominikan ake naɗa ta, wani kamfani ne daban, ganye daban, ɗanɗano daban. Ba jabu ba ce, halastacciya ce a can, amma ba ita muke magana a kai ba. Ta Kyuba za ka ga an rubuta Habana a zoben takardarta.

Padrón labarin mutum ɗaya ne mai taurin rai. An haifi José Orlando Padrón a Kyuba a 1926, a gidan manoman taba na Pinar del Río. Ya bar ƙasar a 1961, ya ƙare a Miyami ba shi da komai. Wani abokinsa ya ba shi ƙaramar guduma ya shiga aikin kafinta, da ita ya tara dala 600 ya buɗe ɗan shagon naɗi a 1964, kuma har gobe hoton gudumar na cikin alamomin gidan. A 1970 ya koma da aikin garin Esteli na Nikaragwa, aka ƙone masana'antar a rikicin juyin juya hali na 1978, ya sake ginawa. Da Amurka ta ƙaƙaba wa Nikaragwa takunkumi daga 1985 zuwa 1990 ya lallaɓa a Honduras. Ya rasu a Disambar 2017, ɗansa Jorge ke riƙe da gidan. Jerin 1964 Anniversary an fito da shi a 1994 don cikar gidan shekara 30.

Da ka riƙe ta za ka ji bambanci, domin ba zagayayya ba ce, an danne ta ta yi kusurwa huɗu. Gidan ya ce ganyenta duk na Nikaragwa ne kuma sai ya shekara huɗu a ajiye kafin a naɗa. Wannan shi ne babban abin da kake saye: sun yi maka jiran. Ka buɗe akwati yau, ka bar shi ya huce gajiyar hanya mako biyu, shi ke nan. Zuƙarta sakwa-sakwa ce, hayaƙi ya cika baki ba tare da wahala ba, toka fara-fara ta tsaya ƙyam, wuta ta tafi a layi. A duk shekarun da na yi ina shan ta ban tuna ranar da na jefar da kara don ya toshe ba, kuma wannan ita ce shaidar da za ka ji a bakin kusan duk wanda ya san ta. Zoben ma biyu ne, na ƙasan yana ɗauke da lamba ta kansa don maganin masu jabu.

Ɗanɗanonta ba ya ɓoye-ɓoye. Ƙasar Esteli baƙa ce, ta aman wuta, ganyenta ƙarfi gare shi. Zuƙar farko masoro ne a hanci, bayan minti biyar ya lafa, sai koko mai duhu da baƙar gahawa da ƙamshin ƙasa irin na ruwan farko su mamaye bakin, da zaƙi a ƙarshe kamar na mazarƙwaila da ta ɗan kama wuta. Riga biyu ake yi mata, mai haske da baƙa. Baƙar, wadda suke kira maduro, ta fi zaƙi da nauyi. Mai hasken ta fi fito da gyaɗa da itace, kuma ita ce, a wannan sifa mai tsinin kai, mujallar da na ambata ta ba wa kambun 2021. Aibinta a wurina guda ne: abin da ta faɗa maka a minti goma na farko shi za ta yi ta maimaitawa har ƙarshe, sai dai ƙarfi ya ƙaru. Magana ce mai daɗi, amma ba ta sauya zance kamar Montecristo. Kuma kada ka kusance ta da yunwa. Wanda bai saba ba zai ji zufa mai sanyi da jiri da tashin zuciya, wannan aikin nikotin ne, maganinsa a ajiye karan a sha wani abu mai sukari.

Don Carlos kuwa, gara in faɗa tun yanzu, ita ce zuciyata ta fi karkata gare ta, don haka mai karatu ya auna maganata da wannan. Gidan Fuente ya girmi sauran biyun. Arturo Fuente, ɗan Kyuba, ya kafa shi a Tampa ta jihar Fulorida a 1912, gobara ta cinye masana'antar a 1924. Daga baya Arturo ya farfaɗo da sana'ar daga bayan gida, ɗansa Carlos ya karɓe ta ya bunƙasa ta. Su ma an ƙone musu masana'anta a Nikaragwa a 1978, wata gobarar ta same su a Honduras, sai a 1980 suka sauka a Santiyago ta Dominikan suka kafu. Sunan Carlos ɗin, wanda ya rasu a 2016, aka sa wa tabar. Za ka gane ta da zobe ja da ruwan zinariya mai baƙin gefe a ƙasa.

Ciko da ɗamara na Dominikan ne, amma rigar daga maƙwabtanmu take zuwa. A gabashin Kamaru, wajejen Baturi, da tsallaken iyaka cikin Afirka ta Tsakiya, ƙananan manoma ke noma wannan ganye a 'yan gonakin da suka sheme a bakin kurmi. Asalin irin daga Sumatara ta Indunusiya yake. A Kyuba sai an yi wa ganyen riga rumfar yadi don kada rana ta kaurara shi, amma a can gizagizai sun ɗauke wa manomi wannan aiki, a fili ake shukawa. Shekaru da dama kamfanin taba na gwamnatin Faransa, SEITA, shi ke riƙe da cinikin. Da ya janye a farkon shekarun 1990 noman ya kusa mutuwa, sai Richard Meerapfel, daga wani tsohon gidan fataken taba na Turai, ya shiga ya tsaya wa manoman, kuma iyalinsa ne ke kan harkar har bayan rasuwarsa a 2003. Ganyen ƙarami ne, siriri, launinsa kamar na dabino, idan ka shafa za ka ji ƙananan ƙuraje kamar an barbaɗa yashi. Maiƙo ne ke taruwa a cikinsu, kuma idan wuta ta wuce za ka ga ɗige-ɗigensu farare a jikin toka. Ƙanƙantar ganyen ta sa samun wanda zai rufe kara mai kauri irin wannan ba ƙaramin tsince-tsince ba ne. Yana yi mini daɗi, yana kuma yi mini ciwo, cewa ganyen da manyan attajiran duniya ke yabo a ƙasar Kamaru ya tsiro, amma sai ya ƙetare teku an naɗe shi sannan darajarsa take ninkuwa, manomin da ya tsinke shi bai ga ko ƙurar ribar ba.

Abin da rigar nan ke yi wa baki shi ne zaƙi mai yaji-yaji. Ka tuna shayin da aka dafa da kirfa da kanumfari da 'yar citta, aka sa zuma kaɗan. Haɗa wannan da ƙamshin itacen akwati da busasshen dabino da gasasshiyar gyaɗa. Ba ta buga ka kamar Padrón, ba ta kuma da tsamin Kyuba, lallaɓa ka take yi, hayaƙinta da laushi, ƙamshin da take bari a ɗaki ma ya fi na sauran sauƙin haƙuri ga wanda ba ya sha. Naɗinta tsaf yake, zuƙarta ta ɗan fi ta Padrón riƙewa, abin da ni na fi so, domin yana hana ta yin zafi. Da baƙin shayi marar sukari nake haɗa ta. Wanda harshensa ya saba da masu ƙarfi zai iya cewa ta yi masa salam, wannan kuma kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Sai dai sirantar rigar nan ita ce lagonta, kuma a nan yanayinmu ya shigo cikin lissafi. Tabar naɗi tana son danshin iska kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, da sanyin da bai wuce digiri 21 ba. A Kano ko Damagaram cikin hunturu danshi kan faɗo ƙasa da kashi 20. Shekarar da na fara ajiye taba a gida na zuba karare a akwatin katako na tafi tafiyar mako uku a watan Janairu, ruwan da ke cikin soson ya ƙafe. Na dawo na tarar masu rigar Kamaru sun tsattsage daga gindi kamar ƙasar fadama da rani. Masu kaurin riga sun bushe amma ba su fashe ba, na yi wata biyu ina mayar musu da danshi a hankali suka dawo, ko da yake wani ƙamshin ya tafi ke nan. Sakacina ne, kuma daga ranar na daina dogara da akwatin katako shi kaɗai. Robar abinci mai murfin da ke kamewa gam, da 'yan fakitin danshi na Boveda mai lamba 65 ko 69, da ɗan fallen itacen da ke zuwa a cikin akwatin taba, sun fi mini kowane akwati mai ƙyalli. A wannan gwaji Padrón ce ta fi juriya, Montecristo na biye, Don Carlos ce ta ƙarshe, ko da yake ledar da ake sa kowane karanta a ciki tana ɗan kare ta, don haka kada ka cire.

Bazara kuma da nata. Zafin Afrilu ya haɗu da danshi a cikin roba, ƙwan ƙwaron taba sai ya ƙyanƙyashe, ka ga ɓula ƙarama kamar ta allura da gari a ƙasan akwati, kafin ka farga ya bi karare duka. Tunda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, nemi wuri mafi sanyi a gidan, ƙasan kabad a ɗakin da rana ba ta duka. Kada ka ajiye a firji, busar da ita zai yi ta kuma kwashi warin abinci. Amma idan ka ga alamar ƙwaro, ƙulle karare a leda biyu, kwana ɗaya a firji, uku a firiza, ɗaya a firji, sannan su koma mazauninsu. A watan Agusta kuma ka riƙa leƙawa saboda fumfuna.

Yanzu kuɗi. Da can Montecristo No. 2 ta mai matsakaicin hali ce a cikin manya, yau ba haka ba ne. Kamfanin Habanos, wanda aka kafa a 1994 kuma shi kaɗai ke fitar da tabar Kyuba, rabinsa na gwamnati ne, ɗaya rabin ya koma hannun masu jari na Asiya a 2020. Sin ta zama babbar kasuwarsa. A 2022 ya ɗaure farashin tabobinsa Cohiba da Trinidad da na Hong Kong, wasu suka ninka biyu wasu uku, sauran sunaye ma suka bi sahu da ƙari shekara bayan shekara. A Satumbar 2022 ɗin guguwar Ian ta ratsa Pinar del Río ta rushe dubban rumfunan shanya, kaya suka ƙara ƙaranci. A Landan kara ɗaya ya haura fam 30, a Sifaniya ya fi sauƙi saboda haraji, amma sau da yawa ba ka samun ta a kanti. Padrón a Amurka tana wajen dala 20, Don Carlos tana ƙasa da ita da 'yan daloli. A Dubai ko Turai waɗannan biyun sukan fi haka tsada, amma jerin bai cika sauyawa ba. Ka ƙara da cewa a akwatin Kyuba wataƙila ba duka za su shayu yadda kake so ba, ga jiran shekara biyu, sai ka ga tazarar ta fi abin da ke rubuce a takardar farashi.

Inda tsada da ƙaranci suka haɗu, jabu ya samu gida. An taɓa kawo mini akwati a wani otal, mai kawowar ya rantse ɗan'uwansa ne ke aiki a masana'anta, a kashi ɗaya cikin uku na kuɗi. Na sayi kara ɗaya na tsaga shi da reza a gabansa: guntattakin ganye ne da kara-kara da abin da ban gane ba. Araha ba ta ado. Akwatin gaskiya yana da koren hatimin gwamnatin Kyuba mai hoto mai walƙiya da lambar da za ka iya tantancewa a shafin Habanos na intanet, da tambarin Habanos a kusurwa, da rubutun Hecho en Cuba da Totalmente a mano da aka ƙona a ƙasansa. Karare su zo launi ɗaya, tsawo ɗaya, zobba a layi ɗaya. Amma masu jabu sun iya sayen akwatin gaske da babu komai su cika shi da nasu, don haka hatimin da ya fi kowanne shi ne shagon: La Casa del Habano, wato shagunan da ke da lasisin Habanos, ko dillalin da kamfanin ya amince da shi, ko shagon filin jirgi. Ana yin jabun Padrón ma, amma bai kama ƙafar na Kyuba ba.

Ga wanda zai sha da bakinsa, yana zaune a yanayinmu, yana canza naira ko sefa zuwa dala, Padrón nake cewa ya saya, ba tare da jan numfashi ba. Abin da ya biya shi zai samu, kara bayan kara. Idan ma kuɗin ya yi masa nauyi, gidan yana da jerin 2000 da 3000 da 4000, waɗanda rigarsu ba ta da kyan gani amma jininsu ɗaya, a kusan rabin kuɗin. Don Carlos ta wanda ya riga ya iya ajiya ce, ko wanda ƙarfin Nikaragwa ke kayar da shi. Ita zan ɗauka wa kaina, amma ba zan ba wa mutumin da zai jefa ta a aljihun mota cikin Disamba ba.

Ƙanena dai kyauta zai yi, kuma kyauta tana da nata hukunci, domin suna ake fara gani kafin a kunna wuta. Na tambaye shi, "Mutumin nan yana da wurin ajiya?" Ya ce ya taɓa ganin wani kabad mai gilashi a ofishinsa cike da akwatuna. Na ce to ya iya reno, ɗauki Montecristo mai kara 10, ka sa su buɗe maka ka gani da idonka, ka juya ƙasan ka zaɓi wanda ya fi tsufa a cikin waɗanda suke da su. Ka matsa kowane kara a hankali tsakanin yatsu biyu daga sama zuwa ƙasa, ya ɗan nutsa ya dawo, kada ka ji dunƙule mai tauri kusa da zobe. Ka karɓi rasit, ka sa a saka maka fakitin danshi a ledar, kuma ka riƙe ta a jakar hannu.

Ya ce, "Yaya, akwai na bara, akwai na shekara uku da suka wuce, kuɗinsu ɗaya."

Na ce, "Ɗauko na shekara ukun kafin wani ya riga ka."